Sa'ad da Ɗan Kasuwa Ya Zama Sarki

A zangon karatun da ya wuce ƙungiyarmu ta shirya muhawara a babban ɗakin lacca, kan batun cewa wai kamfani ba shi da wani nauyi a wuyansa sai neman riba. Waɗanda suka halarta za su tuna yadda aka yi ta kai ruwa rana har aka kira magariba ba a tashi ba. Ni dai ban ce uffan ba a ranar, domin abin da ke cina bai gama nuna ba tukuna. Abin da na lura da shi shi ne, ɓangarorin nan biyu duk daga Amurka suka yi ta jawo misalansu, kamar mu nan ba mu taɓa ganin kamfani ba sai a littafi. Alhali kuwa ƙasar da muke zaune a cikinta, da sunanta, da wani sashe na iyakarta, duk ta hannun wani kamfani suka biyo. To, tarihin wannan kamfani nake so in ɗan waiwaya a nan, da fatan malamaina na sashen tarihi za su gyara mini inda na yi tuntuɓe.

Kafin nan, bari in taƙaita gardamar saboda waɗanda ba su zo ba. Tsohuwa ce. Tun a 1931 da 1932 wasu shaihunan malaman shari'a biyu na Amurka, Adolf Berle da Merrick Dodd, suka yi musayar rubutu a kan ko manajan kamfani amanar wa yake riƙe da ita, ta masu hannun jari kaɗai ko ta jama'a duka. Amma wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Milton Friedman na jami'ar Shikago, wanda ya buga wata maƙala a watan Satumba na 1970. Abin da ya kafa hujja da shi shi ne, manaja ɗan aiki ne na masu jari, saboda haka in ya ɗebi kuɗin kamfani ya yi aikin alheri, to, kyauta ya yi da kayan da ba nasa ba, ya kuma zama kamar mai ɗora wa mutane haraji ba tare da sun zaɓe shi ba. A ganinsa, aikin kamfani ya nemi riba, muddin bai karya ƙa'idojin kasuwa ba, watau a yi gasa a fili, ba zamba, ba ruɗi. Masu ja da shi, irin su Edward Freeman a 1984, suka ce a'a, ma'aikata da masu sayen kaya da mutanen garin da kamfani ya kafa masana'antarsa duk suna da hakki a kansa. A watan Agusta na 2019 shugabannin manyan kamfanonin Amurka 181 suka sa hannu a kan wata takarda da ke nuna sun koma wannan ra'ayi na biyu, ko da yake har yanzu ana musu a kan ko maganar ta wuce fatar baki.

Mai karatu zai ga cewa ra'ayin Friedman a kan gindi ɗaya yake tsaye, watau akwai wata hukuma can gefe wadda take kafa ƙa'idoji, take kuma hukunta wanda ya karya su. Ra'ayi na biyu kuma ya dogara ne ga kyakkyawar niyyar masu kamfani. Sai a riƙe waɗannan biyu a zuci, mu gangara kogin Kwara.

A shekarar 1877 wani tsohon hafsan sojan Ingila mai suna George Goldie ya zo bakin Kwara domin ya duba wani ɗan kamfani da danginsa suka zuba wa kuɗi, wanda yake neman durƙushewa. Abin da ya tarar shi ne kamfanonin Ingila da dama suna sayen manja, kowa yana ƙara kuɗi don ya janye masu kawo kaya. Wannan gasa kuwa mutanen ƙasa take yi wa daɗi, domin su ne masu sayarwa. Goldie ya gane cewa muddin masu saye suna da yawa, riba ba za ta taru ba. Saboda haka a 1879 ya shawo kan manyan cikinsu suka haɗe suka zama kamfani ɗaya, United African Company, wanda aka sāke wa suna a 1882 ya koma National African Company. Da Faransawa suka shigo kogin, sai ya yi ta karya farashi yana jure hasara har suka gaji, a 1884 suka sayar masa da nasu. Wannan ya zo daidai da taron Barlin, wanda aka fara a watan Nuwamba na 1884 aka gama a Fabrairun 1885, inda Ingila ta ce ai babu wani Bature da ke ciniki a ƙasan Kwara sai mutanenta. Aka bar mata kula da wannan sashe na kogin, bisa sharaɗin cewa jiragen kowace ƙasa za su riƙa wucewa ba tsangwama.

Sai dai bakin kogi bai ishi Goldie ba, idonsa yana kan daular Usmaniyya. A 1885 ya turo wani matafiyi, Joseph Thomson, ya yi sauri ya riga wani Bajamushe mai suna Flegel isowa wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba da Sarkin Gwandu Maliki. Thomson ya koma da takardu biyu. A rubutun Turanci, takardun sun nuna wai sarakunan sun miƙa wa kamfani iko a kan gaɓoɓin Kwara da Binuwai, shi kuma kamfani zai riƙa ba Sakkwato kaya na kimanin jaka 3,000 ta kuɗin wuri kowace shekara, Gwandu kuma jaka 2,000. Duk wanda ya san yadda fada take aiki a wancan zamani ya san abin da fadawa suka gani a wannan lamari: baƙin fatake sun zo neman iznin ciniki da amana, sun kuma yi alkawarin gaisuwar shekara, kamar yadda kowane madugu yake yi. Marigayi Farfesa Adeleye, wanda ya bi diddigin hulɗar daular da Turawa, ya nuna cewa Sakkwato ba ta taɓa ɗaukar kanta a matsayin wadda ta ba da ƙasa ba. Wane sarki ne mai cikakken iko zai sayar da kogi a kan wuri? Amma a Turai ba a tambayi Sakkwato ba. Da Ingila da Faransa suka zauna a 1890 don raba abin da ba nasu ba, da waɗannan takardu aka yi hujja aka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, aka ce duk abin da ke ƙarƙashin Sakkwato ya faɗa rabon kamfani. An yi ta gyara layin a 1898 da 1904 da 1906, amma asalinsa ke nan. Saboda haka duk ɗan Katsina da ya taɓa tsayawa a shingen kan iyaka kafin ya kai ga gwaggonsa a Maraɗi, ya sani akwai hannun wani kamfanin manja a cikin tsayuwar tasa.

A watan Yuli na 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin takardar iznin mulki, ya zama Royal Niger Company. Dalilinta a fili yake: tana son ƙasar, ba ta son kashe kuɗin riƙe ta. Wannan ba sabon abu ba ne gare su, domin kamfanin da suka kafa don cinikin Indiya a 1600 ya kai ga karɓar harajin Bengal tun 1765, bai kuwa sauka ba sai 1858. Har Adam Smith, wanda masu kishin jari-hujja suke ɗauka uba, ya yi kakkausar suka ga mulkin 'yan kasuwa tun 1776. Duk da haka aka maimaita. Kamfanin Goldie ya sami tutarsa, da kotunsa da kurkukunsa a Asaba, da tashar jiragensa a Akasa, da rundunar sojansa, da ikon karɓar kuɗin fito a kan duk kayan da ke shiga ko fita. Majalisar da ke yi wa ƙasar doka ita ce majalisar daraktoci a Landan, masu zaɓenta kuwa su ne masu hannun jari.

Takardar iznin ta hana babakere a fili, ta ce kowa yana da damar ciniki. To, amma wa zai tabbatar da haka? An ba kura ajiyar nama. Kamfanin bai taɓa rubuta dokar da ta ce kada wani ya yi ciniki ba. Abin da ya yi shi ne ya ce duk baƙo sai ya yanki lasin, sai ya biya kuɗin fito, sai kuma ya tsaya a tashar kamfani an duba kayansa. Shi ma kamfanin yana biyan kuɗin fiton, amma daga aljihun dama zuwa na hagu. 'Yan kasuwar Liverpool da Jamusawa da 'yan Ikko duk suka yi ta kuka. Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo su ne mutanen Nembe, waɗanda Turawa ke kira Brass. Su ƙasarsu fadama ce da ruwan gishiri, ba ta noma, tun kaka da kakanni da kwale-kwale suke hawa kogi su kai gishiri da kifi da kayan Turawa, su sayo doya da manja. Da aka shata iyakar kamfani sai garinsu ya faɗa waje, kasuwanninsu suka faɗa ciki. Dare ɗaya suka zama baƙi a kogin da aka haife su a kai. Aka ce kowane ɗan kasuwarsu ya biya fam 50 a shekara kuɗin lasin, in zai sayar da barasa ya ƙara fam 100, kuɗin da kusan babu mai iya biya a cikinsu. Wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya kuwa ɗan fasa-ƙwauri ne, jiragen kamfani su harbe shi ko su ƙwace kayansa.

Sun kai ƙara. Wannan shi ne abin da nake so a lura da shi, domin sau da yawa akan ba da labarin kamar wasu mutanen daji ne suka tashi haka kawai. Shekara da shekaru suna rubuta koke zuwa ga jakadun Ingila da ke bakin teku, jakadun suna cewa ƙasar kamfani ba ta ƙarƙashinsu. In suka nufi kotu, kotun ta kamfani ce, alƙalin kuma albashin kamfani yake ci. Da yunwa ta kai musu iya wuya, ranar 29 ga Janairun 1895, Sarki Koko ya fito da jiragen yaƙinsa da asuba suka auka wa Akasa, suka farfasa ɗakunan ajiya da injuna, suka kashe mutane, suka tafi da wasu a kame, daga baya aka kashe da dama daga cikin kamammun. Galibin waɗanda suka mutu 'yan Afirka ne masu aikin ƙodago, ba su ji ba ba su gani ba, kuma ba na neman wanke wannan. A watan Fabrairu sojan ruwan Ingila suka zo suka ƙone Nembe. Sa'an nan aka turo Sir John Kirk ya yi bincike, ya kuma tabbatar da cewa lalle an toshe wa mutanen hanyar abincinsu. Amma dokokin kamfani ba su canja ba.

Bayan shekara biyu sai abin ya matso kusa da mu. A watan Janairu na 1897 Goldie da kansa ya fito daga Lakwaja da soja kimanin 500, da Turawa kimanin 30, da igwa da bindigogi masu ruwa, ya nufi Bida. Abin takaici, yawancin sojan nan Hausawa ne da Yarabawa da aka ɗauka haya. Dawakin Nupe dubbai suka yi ta kai hari, amma ba su iya kusantar sahun ba. Etsu Abubakar ya fice, kamfani ya naɗa Makun Muhammadu a madadinsa. A watan Fabrairu aka yi wa Ilori haka, Sarki Sulaimanu ya sa hannu a kan takardar da aka miƙa masa. Ga kamfani mai masu hannun jari, mai raba riba a ƙarshen shekara, yana tuɓe sarki yana naɗa wani. Ko da yake da rundunar ta juya baya Abubakar ya komo gadonsa, bango ya riga ya tsage.

A nan ne nake so 'yan'uwana masu ra'ayi na biyu su ɗan saurara. Goldie bai taɓa cewa don riba ya ci Bida ba. Cewa ya yi don ya hana farautar bayi ne, a watan Yuni na 1897 ma ya yi shelar cewa dokar kamfani ba ta san bauta ba. Haka kuma ya hana shigar da barasa ƙasashen Musulmi, alhali yana sayar da ita a bakin teku. Ba ƙarya ba ne cewa Nupe tana kai hare-haren bayi a ƙasashen kudu da Kwara, mutanen Kabba da makwabtansu sun sha wuya ƙwarai, wasunsu kuma sun yi murna da faɗuwar Bida. Gaskiya ce, dole a faɗe ta. Amma da za a ce Goldie ya rubuta irin rahoton da kamfanoni ke bugawa yau na ayyukan kyautata wa al'umma, da ya cika shafuka da hotuna. Wanda ya zaɓi alherin da zai yi, ya zaɓi wanda zai yi wa, ya kuma rubuta labarin da hannunsa, ba a rasa shi da abin nunawa. Af, na manta ban faɗa ba, kafin mutumin nan ya mutu a 1925 sai da ya ƙone takardunsa, ya kuma hana a rubuta tarihinsa.

Abin da ya kawo ƙarshen sarautar kamfani ba kukan Nembe ba ne. Rigima da Faransa ce a kan Bargu, wadda ta kusa jawo yaƙi tsakanin manyan ƙasashen biyu, har gwamnatin Ingila ta ga cewa abin ya fi ƙarfin ɗan kasuwa. A 1897 ta kafa rundunarta ta kanta a hannun Lugga, wanda shi ma a 1894 ɗan aikin kamfanin ne, shi aka aika Nikki neman yarjejeniya. Aka soke takardar iznin a ƙarshen 1899, ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfani a Lakwaja aka ɗaga ta Ingila. Aka biya kamfani diyyar fam 865,000, aka kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin da gwamnati za ta samu daga ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Watau kuzar Jos tun tana cikin ƙasa aka raba ta. Babu wanda ya tambayi Sarkin Musulmi Abdurrahman, babu wanda ya tambayi Nembe. Hatta sunan Nijeriya, Flora Shaw ce ta ba da shawararsa a jaridar Times ta Landan a watan Janairu na 1897, don a sami gajeren suna da za a riƙa kiran ƙasashen kamfanin da shi. Gwamnati ta gaji takardun Thomson, ta gaji sojan, a 1903 ta ƙarasa aikin a Kano da Sakkwato.

Kamfanin ya tuɓe rawani, amma bai bar kasuwa ba, kuma rayuwarsa ta biyu ita ce ta fi shafar gidajenmu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke fata, domin masaƙun Ingila, har sun kafa ƙungiya musamman don haka tun 1902. Sai dai masaƙan Kano sun fi Bature sayen auduga da tsada, manomi kuma ya san cewa in shekara ta ɓaci gyaɗa ana cinta, auduga kuwa ba a ci. Da kamfanoni suka ba manyan fatake jari, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada, mutanen da suka gwanance a fataucin goro na Gwanja, sai suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi, suna cewa a shuka gyaɗa. Abin da aka fitar daga Nijeriya bai kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ya haura tan 19,000, har jirgi ya kasa kwashewa. Alhassan Ɗantata, wanda ya zama babban mai saya wa kamfanin a 1918, shi ya zo ya fi kowa. A 1920 kamfanin sabulu na Lever ya saye Niger Company, a 1929 aka haɗa shi da babban abokin gasarsa aka sami UAC. Dabarar Goldie ta 1879 ce aka sāke bayan shekara 50 cif.

A kan wannan zamani ne masana tarihi suka fi rabuwa, kuma rabuwar ba ta ƙare ba. Su Hogendorn da Hopkins sun fi mai da hankali ga hazaƙar manomi da ɗan kasuwar Bahaushe, suna cewa ba tilasta musu aka yi ba, dama suka gani suka kama. Su Walter Rodney kuwa, da waɗanda suka bi sawunsa a Zariya a shekarun 1970, cewa suka yi wace irin dama ce wannan, ga haraji dole a biya da kuɗin Bature, ga mai saye ɗaya ne ko da ya sa riguna daban-daban? Ni a nawa ɗan guntun tunani, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, sai dai rabin Hogendorn na farkon labari ne, rabin Rodney kuma na ƙarshensa. A 1912 masu saye suna da yawa, suna rige-rige, manomi ya amfana. Da kasuwar duniya ta faɗi a shekarun 1930, manyan kamfanonin suka riƙa haɗa baki suna raba kasuwa a tsakaninsu, kowa da kasonsa, farashi ɗaya. A Gana manoman koko sun ƙi sayarwa a 1937 da 1938 saboda irin wannan haɗin baki, har Ingila ta turo kwamitin bincike.

Kakana, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin da ya ji daga mahaifinsa, na wata shekara da ya ɗora gyaɗarsa a kan jakuna uku ya yi kwana biyu a hanya. Da ya isa sikelin wani kanti, akawu ya faɗi nauyi da kuɗi, shi kuwa bai iya karanta sikeli ba, amma ya san abin da ya auna da mudu a gida. Ya yi fushi ya kwance kayansa ya nufi kanti na gaba, aka faɗa masa daidai abin da aka faɗa masa a na farko, ko anini ba a ƙara ba. Na uku ma haka. Ga mai unguwa yana jiran kuɗin haraji. Ya komo kanti na farko da yamma, akawun ya dube shi ya yi dariya, ya ce, "Baba, ai da ka huta da yawo." Kakana yakan ce abin da ya fi ƙona wa tsohon rai har ya mutu shi ne dariyar.

Daga nan sai gwamnati ta ce za ta shiga tsakani. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 aka mayar da ita hannun Jihar Arewa, ita ke yanke farashi, kamfanoni suka koma masu saya mata da lasin. Aka ce za a riƙa ajiye wani abu a shekarar tsada don a tallafa wa manomi a shekarar araha. Tsugune ba ta ƙare ba. Rarar da aka tara ta zama wani haraji na ɓoye a kan manomi, kamar yadda masanin tattalin arziki Peter Bauer ya nuna tun 1954. Ba na musun cewa an yi ayyuka da kuɗin, har da makarantun da suka haifi irin wadda muke ciki, amma manomin da ya biya ba a tambaye shi ba, kamar yadda kamfani ma bai tambaye shi ba. Na kawo wannan ne don 'yan'uwana da suka ce a muhawara wai maganin abin shi ne gwamnati ta karɓe kome. An rushe hukumomin a 1986, lokacin dalar gyaɗa ta daɗe da bajewa.

Haka nan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977. An sayar da hannayen jari, wasu 'yan ƙalilan da ke da hanyar bashin banki suka saya, a wurare da dama kuma sunan ɗan ƙasa ne a takarda, baƙo ne a kujera. UAC kanta ta zama ta 'yan Nijeriya gaba ɗaya a 1994. Yau ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasar nan na tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne, kuma gardamar da ake yi a kan siminti da matatar man da aka buɗe a Ikko a 2023, tsakanin masu alfahari da ita da masu tsoron mai sayarwa ya zama ɗaya, ta nuna cewa tambayar ba ta launin fata ba ce.

To, me zan ce da an ba ni dama a ranar muhawara? Zan ce wa magoya bayan Friedman, sharaɗin malaminku shi ne a sami alƙalin da ba ɗan kamfani ba, a sami gasa a fili. A tarihinmu kamfani ya riga gwamnati zuwa, shi ya rubuta ƙa'idar, gasa kuwa ita ce abu na farko da ya kashe. In za a yi masa adalci, Friedman da kansa ba zai yarda da Goldie ba, tun da shi ne mai ƙin harajin wanda ba a zaɓa ba. Amma bai gaya mana abin da za a yi ba a inda kamfani ya fi alƙali ƙarfi. Zan kuma ce wa ɗaya ɓangaren, rijiyar burtsatse da ajin makaranta da kamfani ke ginawa abu ne mai kyau, sai dai mutanen Nembe ba sadaka suka roƙa ba, wurin kai ƙara suka nema suka rasa. A kan wannan nake ganin ya kamata muhawararmu ta gaba ta tsaya: in kamfani ya cuci talaka, ina zai kai shi, nawa zai kashe, shekara nawa zai jira?

Ba tambayar zamanin da ba ce. A Oloibiri, ba nisa da Nembe, aka fara samun man fetur mai yawa a 1956. Dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanoni su ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu don garuruwan da suke haƙa a cikinsu, wanda ci gaba ne, tun da abin ya tashi daga kyauta ya koma hakki. Amma dubi labarin manoma huɗu na garuruwan Oruma da Goi da Ikot Ada Udo, waɗanda malalar mai ta ɓata wa gonaki da tafkunan kifi. A 2008 suka shigar da ƙarar kamfanin Shell, ba a Fatakwal ba, a ƙasar Holan. Kamfanin ya ce masu fasa bututu ne suka jawo malalar. Aka yi shekara 13 ana shari'a, biyu daga cikin manoman suka rasu suna jira. Kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Heg ta yanke cewa reshen kamfanin na Nijeriya shi ke da alhakin malalar Oruma da Goi, ta kuma yi hukuncin ne ranar 29 ga Janairun 2021, shekara 126 daidai da ranar da Sarki Koko ya fito da jiragensa. A ƙarshen 2022 kamfanin ya yarda zai biya garuruwan yuro miliyan 15, ba tare da ya amsa laifi ba. A watan Maris na 2025 kuma ya kammala sayar da reshen nasa na kan tudu ga wasu kamfanoni, galibinsu na 'yan ƙasa, ya koma haƙa a cikin teku.